Yadda Ƙaramin Shafi Zai Sha Gaban Manya a Wurin Bincike na Intanet

Darasi domin Hakimai da Malaman Hakimai

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakimai da malamansu, musamman na ƙasashen da ke arewa da birnin Kano, kamar su Dambatta da Makoda da Bichi da Tsanyawa da Bagwai da Dawakin Tofa da Minjibir. Muna roƙon Hakimai, Allah ya ba su nasara, su sa a karanta shi a majalisa gaban dagatai da masu unguwanni, sa'an nan malami ya ajiye shi kusa, ya riƙa dubawa.

A zamanin da, in baƙo ya iso gari da fatauci, sai ya nemi mai masauki, shi kuwa ya haɗa shi da dillali, a nuna masa inda kaya suke da wanda ya kamata ya amince wa. Yau kuwa, tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 ta kuma bazu har ƙauyuka, baƙo yakan tambayi wayarsa tun bai baro gida ba. Ya rubuta abin da yake nema, nan take a jero masa shafuffuka, na ɗaya, na biyu, na uku. Mafi yawan mutane na sama kurum suke buɗewa, kaɗan ne ke da haƙurin gangarawa ƙasa.

To, ga inda maganar ta shafe mu. A ƙasashenmu akwai ƙungiyoyin manoma, da makarantu, da masu saƙa, da 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi, waɗansu har sun kashe kuɗi an buɗe musu shafi a intanet, amma ba mai ganinsa. In aka nemi sunan garinsu, sai shafuffukan manyan jaridu da na kamfanonin Legas da na ƙasashen waje su cika wurin. Mai saye ya wuce wani wuri, labarin gari kuwa ya zama abin da baƙi suka faɗa, ko daidai ko kuskure. Wannan hasara ce ta dukiya, hasara ce kuma ta suna. Nufinmu a nan mu nuna cewa akwai magani, kuma mafi yawan maganin yana hannun Hakimi da malaminsa.

YADDA INJIN BINCIKE YAKE AIKI

Abin da ke jero shafuffukan nan shi ake kira injin bincike. Suna da yawa, amma wanda mutanenmu suka fi aiki da shi shi ne Google, wanda waɗansu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa a 1998. Aikinsa kashi uku ne, lalle ne kuwa malami ya gane su, don wanda bai san hanya ba ba ya yi wa wani jagora.

Na farko, yawo. Injin yana da 'yan aike, watau waɗansu manhajoji da ke bin shafuffuka dare da rana suna karantawa. Daga wannan shafi sukan bi mahaɗi su faɗa wancan. Mahaɗi shi ne kalmar nan da in ka taɓa ta sai ta kai ka wani shafi. Shafin da ba wani mahaɗi da ya nufo shi, kuma mai shi bai sanar da injin ba, yana iya daɗewa ba a san da shi ba.

Na biyu, fihirisa. Abin da 'yan aike suka karanto akan tsara shi bisa ga kalmomi, kamar yadda ake yi a ƙarshen manyan littattafai, a san wace kalma take a wane shafi.

Na uku, jeri. In mutum ya yi tambaya, injin yakan duba fihirisarsa, ya tsamo shafuffukan da suka dace, ya jera su. A nan ne ake tsere. Abubuwan da yake aunawa suna da yawa, amma manyansu su ne: shin shafin ya amsa ainihin abin da aka tambaya? Shin mai shi ya san abin da yake faɗi? Shin waɗansu shafuffuka masu mutunci sun yi nuni zuwa gare shi? Shin yana buɗewa da sauƙi? Daga wane wuri mai tambaya yake, da wane harshe kuma ya yi tambaya?

Maganar nuni ita ce dabarar da ta ɗaukaka Google tun farko. Ya ɗauki kowane mahaɗi kamar shaida: in shafi kaza ya nuna naka, ya shaide ka ke nan. Shaidar mai mutunci kuwa ta fi ta wanda ba a sani ba nauyi, kamar dai yadda abin yake a gaban alƙali.

A lura da abu guda. Waɗansu shafuffuka da ke fitowa can sama talla ne, masu su sun biya kuɗi, akwai kuma alama a jikinsu da ke nuna haka. Da kuɗin ya ƙare sai su ɓace. Ba a kansu muke magana ba. Jerin da ke ƙarƙashinsu ba a sayensa, shi ne kuma abin nemanmu.

ABIN DA YA SA MANYA SUKE GABA

Kada mu ruɗi kanmu. Babban shafi yana da abin da ƙarami ba shi da shi. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake watsa labarai, shafinsa kuma ya tara shaidu da ba su ƙidayuwa. Haka nan jaridu kamar Aminiya, suna da ma'aikata masu rubutu kullum. In mutum ya rubuta kalma mai faɗi kamar “labarai” ko “noma” ko “Kano”, waɗannan ne za su fito, kuma ba wata dabara da za ta sa shafin ƙungiyar ƙauye ya ture su. Wanda ya kashe kuɗinsa yana neman haka ya zuba ruwa a rariya.

Amma girman nan nasu yana tafe da rauni. Mai rubutu a Abuja ko a London ba zai ambaci Makoda ba sai wani abu ya auku, da ya wuce kuwa shi ke nan. Ba shi da lokacin da zai zauna ya rubuta ranar da kowace kasuwa take ci, ko irin waken da ya fi karɓar ƙasar wani gari, ko hanyar da mota take bi da damina.

INDA ƘARAMI YA FI ƘARFI

Kowa ya san yadda gonaki suke a ƙasashen nan namu. Jama'a sun yi yawa, gona ta manne da gona, ba a barin saura. Duk da haka manomi yana ci da iyalinsa daga 'yar ƙaramar gona shekara da shekaru, domin ya san kowane saƙo nata, yana kai mata taki da rani, yana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Masana daga nesa, kamar Michael Mortimore, sun zo tun shekarun 1960 suna nazarin yadda ake wannan noma. To, ƙaramin shafi ma haka zai yi: ya tsaya a kan abin da yake nasa, ya kula da shi sosai.

Dalili kuwa shi ne, ba kalma ɗaya mutane suke rubutawa kullum ba. Wanda yake da bukata ta gaske yakan yi doguwar tambaya, kamar “wace rana kasuwar Dambatta take ci”, ko “inda ake samun irin albasa kusa da madatsar Watari”, ko “masu saƙar hannu a Minjibir”. Masu irin wannan tambaya kaɗan ne a kowace rana, amma su ne masu niyyar zuwa da masu kuɗi a hannu. Kamfanin Google da kansa ya faɗi cewa wajen kashi 15 cikin 100 na tambayoyin da ake yi masa kowace rana sababbi ne, bai taɓa ganinsu ba. Manyan shafuffuka ba su da amsar mafi yawan irin waɗannan. Wanda ya rubuta amsa sosai, shi zai fito gaba, ko da shafinsa bai fi ganye biyar ba.

Akwai kuma maganar harshe. Rubutun Turanci ya cika intanet, na Hausa kuwa kaɗan ne in an gwada da yawan masu jin ta. Wanda ya yi tambaya da Hausa, injin yakan yi ƙoƙari ya ba shi amsa da Hausa, abokan tsere kuwa a nan ba su da yawa.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Ilmin nan da babu shi a intanet yana nan a ofishin Hakimi, da bakin dagatai, da sarakunan kasuwa da na noma da na pawa, da tsofaffin gari. Abin da ya rage shi ne a rubuta shi yadda injin zai iya samu.

AYYUKA BAKWAI

Bari mu ɗauki misali. A ce ga wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye na ƙasar Dambatta, suna noma wake da riɗi da zoɓo, suna so mai saye daga kasuwar Dawanau ko daga kudu ya san da su. Sun zo wurin malamin Hakimi neman shawara. Ga abin da zai gaya musu.

1. A tattara tambayoyi tukuna. Kafin a rubuta kome, a zauna da waɗanda ke hulɗa da baƙi, a tambaye su abin da baƙi suka fi tambaya. Yaushe kaya ke isowa kasuwa? Da wane ma'auni ake sayarwa, kwano ko buhu? Babbar mota tana shiga garin? Akwai wurin ajiya? Malami ya rubuta su da irin kalmomin da masu tambaya suka furta. In mutane “riɗi” suke cewa, to, kada a musanya shi da wata kalma don a nuna ilmi.

2. Kowace tambaya da ganyenta. Kada a cusa wake da tarihin gari da sunayen shugabanni a ganye ɗaya. A ba wake ganyensa, riɗi nasa, hanyar zuwa gari nata. Kowane ganye a sa masa kanu mai faɗin abin da ke ciki da sunan wuri, kamar “Sayen farin wake a ƙasar Dambatta: lokaci da ma'auni da hanya”. Kanu irin su “Barka da zuwa” ba ya gaya wa injin kome. Kada kuma kanu ya yi tsawo ainun, don akan datse shi a jeri. Amsa ta zo a layukan farko, bayani ya biyo baya.

3. A daidaita suna. Wannan aikin malami ne na musamman. Gari ɗaya akan rubuta shi iri iri: wani ya sa Dambatta, wani Danbatta. Baƙo yakan rikita Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ko Tofa da Dawakin Tofa, ga kuma ƙauyuka masu suna ɗaya a ƙasashe dabam dabam, kamar Sabon Gari da Unguwar Rimi. Saboda haka a zaɓi rubutu ɗaya a tsaya a kansa ko'ina, a ambaci ɗayan sau ɗaya cewa haka ma akan rubuta. Kullum a haɗa sunan ƙauye da na gunduma da na ƙaramar hukuma da na jiha, domin ƙananan hukumomin Jihar Kano 44 ne, baƙo ba zai san su duka ba. A yi rubutu da ƙa'ida, da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Wayoyin yanzu suna da su.

4. A shiga taswira. Wanda ya nemi shago ko makaranta ko asibiti kusa da shi, sau da yawa taswira ce take fitowa kafin sauran jeri. Google yana da rajista kyauta mai suna Google Business Profile, inda mai sana'a zai sa sunansa da wurinsa da lokacin buɗewa da lambar waya da hotuna, bayan an tabbatar cewa wurin nasa ne. Kamfanin ya bayyana cewa abu uku yake dubawa a nan: dacewa da abin da aka nema, da kusanci, da shahara. Kusanci kuwa ba kamfanin Legas da zai ƙwace wa mutumin Bichi shi a cikin Bichi. A tabbata alamar ta faɗa daidai ƙofar wurin, kuma suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a taswira da a shafi.

5. A sauƙaƙe shafi domin waya. Kusan duk mai neman mu da waya yake nema, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, da data da ya saya da guminsa. Tun 2015 Google yake fifita shafin da ke karantuwa a waya, yanzu ma siffar shafi ta waya ita yake dubawa in zai auna shi. A rage nauyin hotuna, a bar kayan ado masu motsi, rubutu ya fito manya manya. A gwada shafin da ƙaramar waya a cikin ƙauyen kansa, kada a tsaya ga gwajin da aka yi a birni. Adireshin shafi ya fara da https, wanda alama ce ta tsaro, Google kuma ya sa shi cikin ma'auninsa tun 2014. Har wa yau, kada a ɗauki hoton takarda a liƙa a ce an yi sanarwa. A buga maganar da haruffa, kowane hoto kuma a rubuta abin da yake nunawa.

6. A nemi shaidu na gaskiya. Shaida ɗaya daga wuri mai mutunci ta fi ɗari daga wuraren banza. In ƙungiya tana aiki da wata makaranta, kamar Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta ko Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Bichi, ko da ƙaramar hukuma, ko wata jarida ta ba da labarinta, ba laifi a roƙe su su sa mahaɗi zuwa shafin. Makwabta ma su shaidi juna in da dalili: shafin makaranta ya nuna na ƙungiyar iyaye, na kasuwa ya nuna na masu motoci. Wanda ya sayi kaya ya gamsu, a roƙe shi ya rubuta abin da ya gani a taswira da kansa.

7. A riƙa kai taki. Shafin da aka buɗe aka manta da shi yakan koma baya. In an sa farashi, a sa ranar da aka ɗauke shi da kasuwar da aka ɗauke shi da ma'aunin. Alal misali, kasuwar Dambatta ranar Lahadi take ci, to, ran Litinin sai a sabunta. In ba za a iya sabuntawa ba, gara kada a sa farashi sam, don tsohon farashi yana jawo gardama da zubar da mutunci. Ganye ɗaya mai kyau kowane wata ya fi ashirin a mako ɗaya sa'an nan shiru.

Ƙari a kan waɗannan, mai kayan da ake fita da su waje, kamar riɗi da zoɓo, ya kamata ya ƙara ɗan gajeren ganye da Turanci, wanda mai jin harshen sosai ya duba. Adireshi mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA take kula da rajistarsa, yana nuna cewa shafin na Nijeriya ne. A yi rajistarsa da sunan ƙungiya, kalmar sirri kuma ta kasance a hannun shugabanni biyu ko uku, kada ta zauna wurin yaron da ya gina shafin shi kaɗai. A tuna kuma, abin da aka tura a zauren WhatsApp injin bincike ba ya ganinsa, kome amfaninsa.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Za a sami waɗanda za su zo su ce a ba su kuɗi kaza, cikin mako ɗaya su sa shafi ya zama na ɗaya. Hakimi ya gargaɗi jama'arsa game da su. Google da kansa ya faɗi cewa ba wanda zai iya lamunce wa wani matsayi na ɗaya. Akwai masu sana'ar nan na kirki, alamarsu ita ce sukan bayyana abin da za su yi dalla dalla, ba su kuma yin alkawarin abin da ba ya hannunsu.

Dabarun ha'inci sanannu ne, an kuma daɗe da gano su. Akwai maimaita kalma ɗaya sau hamsin a ganye, akwai sayen mahaɗai daga shafuffukan banza, akwai kwafe rubutun wani a liƙa, akwai sa yara su rubuta yabon ƙarya. A 2011 Google ya gyara ma'auninsa ya danne shafuffuka marasa ƙwari da na kwafe, a 2012 ya bi masu sayen mahaɗai, a 2022 kuma ya ƙara fifita rubutun da aka yi don amfanin mutane a kan wanda aka yi don a ruɗi inji. Shafin da aka kama yakan faɗo ƙasa, hawansa kuma da wuya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Haka nan a yi hattara da manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira da ke rubutu da kansu. Suna iya taimako wajen gyara, amma ba su taɓa taka ƙasarmu ba, sukan kuma ƙaga sunaye da shekaru su faɗe su kamar gaskiya. Tun 2024 Google ya fara sa taƙaitacciyar amsa ta irin wannan basira a saman jeri, yana tsamo ta daga shafuffukan da ya karanta. Wannan yana iya rage masu buɗe shafi, amma ya ƙara wa maganarmu ƙarfi ta wani gefe: in ba mu rubuta daidai ba, kuskuren wani ne za a maimaita wa duniya.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN HAKIMI DA MALAMI

Hakimi uban ƙasa ne, ba a nemi ya koyi kwamfuta ba. Abin da ake roƙo a wurinsa uku ne. Ya umurci dagatai da sarakunan sana'a su ba da labari na gaskiya in an tambaye su. Ya sa a karanta masa duk abin da ya shafi tarihin gari da sarauta da iyaka kafin a buga, don irin wannan magana in ta karkace tana ta da husuma. Kada kuma a buɗe shafi da sunan ofishinsa sai da iznin Majalisar Sarki.

Malami kuwa shi ne mai alƙalami. Ya buɗe littafi guda na musamman, ya rubuta sunayen garuruwa da unguwanni da rubutun da aka tsayar, da ranakun kasuwanni, da makarantu da asibitoci da madatsun ruwa da hanyoyi. Kowa ya zo buɗe shafi a ba shi ya kwafa daga nan, don bakin ƙasa ya zama ɗaya. Kowane labari a rubuta wanda ya ba da shi da ranar da aka karɓa.

Lalle ne malami ya tsare amana. Abin da ya shiga intanet ba ya fita da sauƙi. Kada a buga sunayen masu shari'ar gona ko ta gado, ko lambar wayar mutum, ko hoton iyalinsa, sai da yardarsa. Akwai dokar kare bayanan mutane da aka kafa a Nijeriya a 2023, tun kafin doka ma addini da al'ada sun hana tonon asiri. Kada kuma a bayyana inda ake ajiye kuɗi ko inda dabbobi suke kwana, don ba masu saye kaɗai ke karatu ba.

YADDA ZA A SAN AN CI GABA

Google yana da wani ma'auni kyauta mai suna Search Console. In mai shafi ya yi rajista a ciki, zai ga kalmomin da mutane suka rubuta har shafinsa ya fito, da sau nawa aka gan shi, da sau nawa aka buɗe shi, da matsayinsa a jeri. Ta nan ne kuma ake sanar da injin sababbin ganyaye. A duba shi sau ɗaya a wata, a rubuta abin da aka gani a littafi. In aka ga wata tambaya tana ta zuwa, ba a kuwa amsa ta sosai ba, to, ga aikin wata mai zuwa.

Ma'auni na biyu ya fi wannan sauƙi: duk baƙon da ya bugo waya ko ya zo, a tambaye shi inda ya sami labari. Shafin da ya kawo masu saye uku na gaske ya fi wanda dubu suka leƙa suka wuce.

A yi haƙuri. Wani gyara yakan nuna amfaninsa cikin kwanaki, wani sai bayan watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Faɗi ayyuka uku na injin bincike.
2. Me ya bambanta talla da sauran jeri?
3. Don me ƙaramin shafi ba zai yi tsere a kan kalma kamar “labarai” ba?
4. Rubuta tambayoyi biyar da baƙi suka fi yi game da gundumarku, ka ba kowace kanun da ya dace da ita.
5. Nemi sunan garinku a waya, ka rubuta shafuffuka biyar na sama. Nawa ne 'yan gari suka rubuta? Wane kuskure ka gani?
6. Waɗanne abubuwa ne ba za a buga ba sai da yardar mai su?

Muna roƙon kowane malami ya fara da tambaya ta biyar tun a makon nan, ya karanta wa Hakimi abin da ya samu, sa'an nan a shawarta ganyen da za a fara rubutawa. Allah ya taimaki Sarki, ya ja zamanin Hakimai, ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, amin.